Yadda ake zuwa Badagry daga Legas a dawo a yini guda

Badagry tana yamma da birnin Legas, a kan hanyar Seme, iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, wajen kilomita 60 daga inda babban titin ya faro ta wajen Orile. Wanda ya yi sammako zai kai cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Wanda ya bari hantsi ya dubi ludayi kuwa, yana iya cinye awa huɗu yana kallon bayan tirela. Abubuwan da ake zuwa gani duk suna kusa da juna: gidajen tarihi huɗu ko biyar a bakin ruwa, sai tsallakawa zuwa tsibirin Gberefu, inda aka riƙa kora bayi har bakin teku. Awa shida sun isa a gama su a natse. Abin da ke ɓata wa mutane yini shi ne cunkoson titi, da zafin rana a kan rairayi, da cinikin kwale-kwale da ba a ƙulla shi da kyau ba.

Wace rana, kuma wane lokaci

Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin da ya fi dacewa, don ruwan sama ya ɗauke kuma titi ya bushe. Yuni da farkon Yuli su ne tsakiyar daminar Legas, ruwa kan kwanta a kan kwalta ya ɓoye ramuka, masu kwale-kwale kuma sukan ɗaure jirginsu in hadari ya haɗu. A watan Agusta sama takan ɗan tsagaita, ana iya gwadawa.

A cikin mako, Talata zuwa Alhamis sun fi sauƙi, sai Asabar in aiki bai bari ba. Ranar Asabar titi ya fi sakewa da safe, amma za ka tarar da motocin 'yan makaranta da ƙungiyoyi, ka yi layi a ƙofar ɗakin da ba ya ɗaukar mutum goma. Juma'a ba ta da daɗin dawowa, kuma sallar Juma'a za ta raba maka yinin biyu. Lahadi da safe kuwa, wasu masu riƙe da makullin wuraren suna coci.

Ka yi sallar asuba, ƙarfe 6 ta yi maka a cikin mota. Amfanin haka shi ne jama'a suna kwararowa cikin gari wurin aiki, kai kana fita, hannunka babu kowa. Da zarar 'yan kasuwa sun baje kaya a bakin titi wajen ƙarfe 8, wannan rangwamen ya ƙare.

Abin da za a riƙe

Katin shaida shi ne na farko. Hanyar iyaka ce, daga Agbara zuwa gaba akwai shingayen 'yan sanda da kwastan da jami'an shige da fice. Ɗan Najeriya ya riƙe katinsa na NIN ko na zaɓe ko lasisin tuƙi. 'Yan'uwa 'yan Nijar da Chadi da Kamaru su riƙe fasfo ko katin ƙasarsu na asali, ba hotonsa a waya ba. Mutum ɗaya mara takarda yana iya tsayar da mota guda rabin awa. Mai motar kansa ya duba takardunta tun daren jiya, ya cika tanki kafin ya wuce Agbara.

Sai kuɗi a hannu, kuma ƙananan takardu, 'yan ɗari biyu da 'yan ɗari biyar. Kowane gidan tarihi da kuɗin shigarsa daban, domin wasu na gwamnati ne, wasu na iyalai, ɗaya na coci. In ka lissafa za ka biya a wuri shida ko bakwai: gidajen tarihi, ɗan jagora, kwale-kwale, da abin da masu tsibirin ke karɓa a wancan gefen. Kuɗin mota yana tafiya da farashin mai, don haka ka tambaya a tasha kwana ɗaya kafin tafiyar, ka ƙara rabin abin da aka faɗa maka a kan na dawowa. Masu POS suna nan wajen shatale-talen garin, a can za ka ciri abin da kake buƙata. Kada ka dogara da tiransifa a bakin ruwa, sabis yakan yi wasa, kuma mai kwale-kwale ba ya tashi sai ya ga kuɗi sun shiga.

Ruwan sha lita 3 ga kowane babba, rabi na tsibiri kaɗai. Ka jefa ƙullin gishiri da sukari na ORS biyu a jaka. Malafa ko laima, darduma mara nauyi, leda mai zif don waya, da abin cajin waya na hannu. Takalmi ya zama mai igiya a dunduniya ko kambas. Silifas yana nutsewa cikin rairayi ya tsinke, takalmi sau-ciki kuma yana cika da yashi ya goge ƙafa. Babbar riga da shadda mai sitati a bar su a gida, kaftani mara nauyi ya wadatar. Mata su zaɓi hijabin da bai kai ƙasa ba, saboda shiga jirgi da fita.

Hanya

Wanda ke Obalende ko tsibirin Legas ya fi masa sauƙi ya hau jirgin ƙasa na Blue Line daga Marina zuwa Mile 2, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2023, da katin Cowry ake biya. Daga Mile 12 ko Ketu, a bi Oshodi a sauka Mile 2. Na Agege ba ya buƙatar zagayawa ta can: ya bi Iyana-Ipaja, Egbeda, Igando, ya faɗo babban titin a Iyana-Iba, kusa da jami'ar LASU. Na Alaba Rago kuwa titin a ƙofarsa yake.

A Mile 2 ko Iyana-Iba ka nemi danfo mai zuwa Badagry kai tsaye, ka tambayi kwandasta da bakinka ko zai kai shatale-tale. Wasu suna kiran Badagry amma a Okokomaiko ko Agbara suke juye fasinja, su haɗa ka da wata motar da sai ta cika. Motar da ta kusa cika ita za ka shiga ko da ta fi tsada kaɗan. Akwai kuma ƙananan motocin Seme da Kwatano, sun fi sauri, sai dai ka gaya wa direba tun a tasha cewa a Badagry za ka sauka. In ka yi barci ya wuce da kai, iyaka tana gaba da wajen kilomita 20, kuma kowane shinge sai ka sake amsa tambaya a dawowa.

Wuraren da mota ke tsayawa sanannu ne: Alakija, Trade Fair, Volks, Iyana-Iba, Okokomaiko, sai mahaɗar Agbara inda manyan motocin masana'antu ke shigowa. In kun kai mutum takwas, shatar mota guda ta yini ta fi arha da kwanciyar hankali. Ku yi magana da direba a kan mai, da kuɗin 'yan tasha, da ƙarfen da za a taso, ku ba shi rabi, sauran sai an dawo.

Kada ka karɓi saƙon kowa a tasha, komai ƙanƙantarsa.

Isowa da ɗan jagora

Daga shatale-tale ka hau acaba ko Keke zuwa Marina ta Badagry, wato titin bakin ruwa, minti biyar zuwa goma. Kana sauka samari za su kewaye ka, kowa yana cewa shi ne jagora. Kada ka tsaya ciniki a kan titi. Ka shiga gidan tarihi na gwamnati, Badagry Heritage Museum, ka nemi ma'aikatan su haɗa ka da wanda suka sani. Kafin ku taka ko'ina a yanke abu huɗu: wuraren da zai kai ku, ko kuɗinsa ya haɗa da na shiga ko ladansa ne kawai, ko zai tsallaka ruwa tare da ku, da ko ana biyan kuɗin ɗaukar hoto. Rigimar da ake yi da yamma kusan kullum daga ɗaya cikin waɗannan take fitowa.

Mutanen garin Ogu ne, waɗanda aka fi sani da Egun, suna kuma jin Yarbanci. Bayani da Turanci ko Burokin ake yin sa. In a cikinku akwai dattawa ko matan da ba sa ji, ku ware mutum ɗaya ya riƙa mayarwa da Hausa, ku gaya wa jagoran ya riƙa tsayawa. Wannan zai ƙara minti goma a kowane gida, ku sa shi a lissafi.

Jagorori sun saba bin da baƙi duk gidajen tarihi tukuna, sai rana ta take su tsallaka da su. Ka ƙi wannan tsarin. Gida biyu kawai za ku gani da safe, ku tsallaka kafin 10:30.

Gidaje biyu na safe

Ginin gidan tarihin gwamnati tsohon ofishin Di'o ne, na shekarar 1863, shekarar da Badagry ta shiga hannun Ingila. Hotuna ne da taswirori da sarƙoƙi, an jera su daga kamu zuwa 'yanci. Minti talatin sun isa, amfaninsa shi ne ya ba ka tsarin labarin kafin ka ga wuraren.

A nan ne ya kamata ka fara rarrabe abin da aka gada a baki da abin da ke rubuce. Za ka ji ana cewa kasuwar bayin garin ta kafu tun 1502. Takardun Turawan ciniki kuwa sun nuna Badagry ta zama babbar tasha ne daga 1736, lokacin da wani Bature ɗan Holan mai suna Hendrik Hertogh ya gudo daga yaƙin Dahomey ya kafa cinikinsa a nan. A 1784 rundunar Dahomey, da goyon bayan Oyo da Ikko, wato Legas, ta rushe garin. Ya farfaɗo, amma Ikko ta riga ta ƙwace kasuwar. Sarakunan garin sun sa hannu a yarjejeniyar daina sayar da bayi da Ingila a 1852. Ba sai ka yi gardama da jagora ba, riƙe shekarun nan kawai zai taimake ka ka auna abin da kake ji.

Gida na biyu shi ne na Seriki Williams Abass, 'yar tafiya kaɗan a kan Marina, dab da inda ake shiga jirgi. Wannan ya cancanci minti arba'in. Mutumin shi kansa an kama shi bawa yana yaro, ya bi hannun iyayengiji biyu, sunayensu ne Abass da Williams da yake amsawa. Daga baya ya zama attajiri mai fataucin bayi kuma Sarkin Musulmin Badagry, ya rasu a 1919, kabarinsa yana cikin gidan. Iyalin suna cewa ɗakuna 40 ne a da, kowanne ana cusa bayi 40. Biyu aka bari yadda suke, sauran jikoki suna zaune a ciki, don haka ka yi sallama, gidan mutane ne, za ka ga shanya da tukunya a kan wuta. Ɗakin bai wuce ƙafa tara a kowane gefe ba, da 'yar taga guda can sama. Ku shiga ku shida, a ja ƙofa na minti ɗaya, za ku ji yadda iska ke ƙarewa. Mai asma ko mai tsoron matsi ya tsaya a bakin ƙofa. Za a nuna muku tsohuwar laima da tangaraye da kwalabe, a faɗi yawan mutanen da aka bayar a kan kowanne. Laimar, in ji masu gidan, mutum 40 aka ba da a kanta.

Jagorori sukan rataya wa baƙo sarƙar wuya don a ɗauki hoto. Ɗaga ta a hannu ya isa ka san nauyinta. Yara kam bai dace a sa musu ita ana dariya ba.

Tsallakawa Gberefu

Ruwan da ke gaban Marina ba teku ba ne, wani dogon rafi ne mai kwanciya da ya taho daga Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin ya nufi Legas. Tekun tana bayan wancan tudun kwakwa da kake hangowa. Da jirgi mai inji, tsallakawa ba ta kai minti goma ba.

Ka yi cinikin zuwa da dawowa a haɗe, ka biya rabi, ka karɓi lambar wayar matuƙin, ka kira ta a gabansa ka ji ta yi ƙara. Wanda ya biya duka tun farko shi ne ake bari a wancan gefen yana ɗaga hannu, har wani jirgin ya zo ya yanka masa sabon farashi. Rigar ruwa mai hana nutsewa dole ce a dokar Legas. Kowa ya sa tasa a kan tufafinsa, a kan hijabi ba a ƙarƙashinsa ba, a ɗaure maɗauran duka a ja su. Rigar da ba a ɗaure ba takan zame ta kai da zarar mutum ya faɗa ruwa. Ta manya ba ta riƙe ƙaramin yaro, in babu ta yara a nemo ko a fasa tsallakawa da shi. A shiga ɗaya bayan ɗaya, a taka tsakiya, a zauna inda matuƙi ya nuna, don nauyi yake daidaitawa. Ba a miƙewa ɗaukar hoto. In ka ga ruwa ya kusa leɓen jirgin saboda lodi, ka sauka ku rabu gida biyu. Ku ƙirga kanku a kowane gefe.

Daga inda jirgi ya ajiye ku zuwa bakin teku tafiyar minti 25 ce zuwa 30 a ƙafa, mafi yawanta cikin rairayi, inuwa kaɗan. Wannan ne dalilin sammakon. Zafin Legas ba irin na arewa ba ne da gumi ke bushewa nan take. Iskar a jiƙe take, gumi yana zuba amma jiki ba ya hucewa, sai mutum ya galabaita bai sani ba. A riƙa kurɓar ruwa kowane minti goma. Wanda ya fara jin jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya a zaunar da shi a gindin kwakwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa masa kai da wuya, a ba shi ruwan ORS. Dattijo ko mai ciwon gwiwa a nema masa acaba tun a bakin ruwa in akwai.

A tsakiyar hanya akwai wata tsohuwar rijiya. Mutanen wurin suna cewa an yi mata asiri, ana tilasta wa bayi su sha don su manta gida su daina tirjiya. A leƙa kawai, ruwanta ba na sha ba ne, a kuma riƙe hannun yara.

Ƙarshen hanyar shi ake kira Point of No Return, wato wurin da in an wuce ba dawowa. Jiragen Turawa ba sa iya matsowa gaɓa saboda ƙarfin igiyar ruwa, can nesa suke tsayawa, a riƙa kai musu mutane a kwale-kwale. Bahaushen da ya tsaya a nan ba labarin wasu yake kallo ba. Bayan 1804, yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa da rushewar daular Oyo sun sa kamammu daga arewa, Hausawa da Nufawa da Barebari, sun riƙa gangarowa hannu zuwa hannu har tashoshin wannan gaɓa, Ikko da Badagry da Porto-Novo da Wida. Da yawansu Bahia ta ƙasar Birazil aka kai su. A 1807 hukumomin birnin Salvador na Bahia suka gano wani shirin tawaye da bayi Hausawa suka ƙulla, wasu tawayen suka biyo baya a 1809 da 1814. A Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan, Musulmin birnin, mafi yawansu Yarbawa tare da Hausawa, suka yi babban boren da ya fi shahara, aka samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Jagora ba lalle ya kawo wannan ba, kai ne za ka gaya wa yaranka.

Teku

Wanda ya iya iyo a kududdufi ko a dam bai iya wannan ruwan ba. Gaɓar tana da gangara, igiya tana dukan ƙasa da ƙarfi, in za ta koma sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, ka ji ka zube. Akwai kuma wuraren da ruwan da ya taru a gaɓa yake komawa ciki ta wata siririyar hanya da gudu. Abin ruɗin shi ne wurin ya fi ko'ina kwanciya a ido, babu farin kumfa, shi ya sa baƙo ke zaɓarsa. Babu masu ceto a wurin. Iyakar shiga ita ce idon sawu, kuma ba a juya wa teku baya don hoto. Zani da hijabi da doguwar riga in sun jiƙe suna nauyi suna naɗe ƙafa. In ruwa ya ja mutum, kada wani ya bi shi da tufafi, a kwala wa masunta kira, a jefa masa jarka ko duk abin da ke yawo a kan ruwa. Shi kuma kada ya yi kokawa da ruwan ya nufo gaɓa kai tsaye, ya yi gefe tukuna har ya fita daga jan.

Minti talatin sun isa a bakin tekun. Ka kira matuƙi lokacin da kuka juyo, ba sai kun iso ba. Ƙarfe 12:30 ta same ku a Marina.

Sallah da abinci

Azahar a Legas tana shiga tsakanin 12:30 da ƙarfe 1, gwargwadon wata. Akwai masallatai a cikin gari, kowane ɗan acaba zai kai ka. In lokaci ya riske ku a tsibiri, ruwan teku yana tsarkakewa, ana alwala da shi, sai dai a ɗebo a gora a koma tudu. Alƙibla tana arewa maso gabas: ka sa teku a damanka, ka fuskanci gabas, sannan ka karkata hagu kaɗan. Mazaunin Legas ba zai yi ƙasaru ba, domin tazarar ba ta kai mil 48 da Malikiyya suka ƙayyade ba. Baƙon da ya zo daga arewa bai yi niyyar kwana huɗu a Legas ba kuwa, yana nan a matsayin matafiyi.

Garin masunta ne, don haka kifi shi ne abin ci, gasasshe ko soyayye ko banda. A wasu rumfunan ana dafa naman alade, ka tambaya kafin ka zauna, ka kuma tambayi man da aka soya kifin. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba kada ya fara a ranar tafiya, wasu jikinsu ba ya karɓa. Masu shayi da masu tsire 'yan arewa suna wajen tasha da kasuwar Agbalata ga wanda ya fi son abin da ya saba. Ɗanyar kwakwa a sa a fasa ta a gabanka.

Bayan azahar

Sauran wuraren a cikin inuwa suke, kuma ba sa cin lokaci. Gidan tarihin iyalin Mobee ɗaki ne ƙarami, minti ashirin, amma ƙarafansa sun fi na ko'ina tayar da hankali: mari na ƙafa, sarƙar wuya, ƙarfen da ake datse leɓe da shi, ƙananan sarƙoƙi na yara, da wani kwano na ƙarfe da bayi ke sa baki su sha ruwa hannuwansu a ɗaure.

Sai benen 'yan mishan da aka gama a 1845 a ƙarƙashin Rabaran Gollmer, inda Samuel Ajayi Crowther ya zauna, wanda ya yi aikin fassara Baibul zuwa Yarbanci. Matakalar katako ce tsohuwa, a hau mutum biyu-biyu. A jikin allo an rubuta cewa shi ne bene na farko a Najeriya. Wanda ya san hasumiyar Gobarau ta Katsina da sorayen birnin Kano zai yi murmushi. Bene na farko irin ginin Turawa dai, wannan babu musu. Kusa da nan akwai ginshiƙin da aka kafa a gurbin bishiyar Agia, inda ɗan mishan Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kirista a Satumban 1842. Bishiyar ta faɗi a 1959. Minti biyar ya isa.

Ka ajiye rabin awa don Vlekete, tsohuwar kasuwar bayin garin, domin a nan zaren ya haɗu da Sakkwato. Daga Badagry ne Bature matafiyi Hugh Clapperton ya tashi a Disamban 1825, ya bi Oyo da Borgu da Nupe da Zariya da Kano har ya isa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya mutu a can a Afrilun 1827. Baransa Richard Lander ya dawo da takardunsa ta wannan hanyar. Da ya iso Badagry, dillalan bayi 'yan Fotugal suka ce ɗan leƙen asiri ne, aka kai shi gaban dattawa, a wannan wurin in ji mutanen garin, aka ba shi ruwan guba ya sha don a gane gaskiyarsa. Ya shanye, ya koma masaukinsa ya sha maganin amai, ya tsira. Da ya sake zuwa da ƙanensa a Maris na 1830, sun rubuta cewa sun tarar da malamai Hausawa a garin, sun kuma ga Musulmi sun fita sallar Idi. Wurin yana da ɗakin tsafin gargajiya da har yanzu ake girmamawa. Ba dole ka shiga ba, amma kada ka yi tofin Allah-tsine a gaban masu shi. Haka in kun yi kiciɓis da Zangbeto, dodon nan mai kama da bukkar ciyawa da ke juyi a titi, ku ba shi hanya, ku mayar da waya aljihu.

In lokaci ya ƙure, a bar ginshiƙin Agia da fadar Akran, sarkin garin. Wuraren shaƙatawa irin su Suntan da Whispering Palms suna wajen gari, ba sa shiga yini ɗaya da wannan tsarin.

Dawowa

Ƙarfe 3 zuwa 3:30 ku kasance a shatale-tale. La'asar tana shiga wajen ƙarfe 4, kuma ya fi kyau ta same ku kun wuce Agbara. A Alaba Rago akwai masallatai dab da titi, sai a yi ta a can. Wanda ya tsaya ya yi ta a Badagry ya tashi 4:30 zai shiga Okokomaiko da Iyana-Iba daidai lokacin da kasuwa ta cinye rabin titi, magariba ta riske shi kafin Mile 2, sannan ga tankokin Apapa a kan hanyar Oshodi.

Tsaraba a tsaya a kan kwakwa, man kwakwa, busasshen kifi da tabarma. Za a yi maka tayin shinkafar waje da daskararren talo-talo da araha. Kayan fasa-ƙwauri ne, kwastan suna buɗe but a dawowa fiye da tafiya, buhu ɗaya ya isa a sauke ku duka a gefen titi. A shinge direba ne mai magana, fasinja ya miƙa katinsa in an tambaya, ba a ɗaukar jami'ai hoto.

In wani abu ya riƙe ku har ƙarfe 6, kada ku tsallaka ruwa, hukuma ta hana tafiyar jirgi da dare, kuma kada ku kama titi da iyali. Akwai masaukai a cikin gari da wajen shatale-tale. Ku kwana, amma ku sani cewa da safe hannun shiga Legas ne ke cushewa, don haka ko ku taso dab da asuba, ko ku jira sai bayan ƙarfe 10.